Gishirin miya da gigin tsufa

Idan dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, sai a ce tsufa ne, wasu ma su ce sammu. Alhali hawan jinin da aka yi wa sakaci tun ana ɗan shekara 40 yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mantuwa ta samu wurin zama.

Gishiri na kan gaba wajen tayar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ƙasa da giram 5 a rana, bai cika ƙaramin cokali ba. Mu kuwa a barbaɗa gishiri, a marmasa dunƙule huɗu a tukunya ɗaya, ga yaji da nasa gishirin a gefe. A rage, daddawa ma tana fito da ɗanɗano. Asibitocin unguwa kuma su riƙa auna jinin manya kyauta.