Gyaran Aikin Gwamnati da Kundin Masu Neman Digiri

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in yi magana bisa abu biyu waɗanda mai hange daga nesa zai ce ba abin da ya gama su, watau gyaran aikin Gwamnati, da kundin binciken da ɗalibai su ke rubutawa a jami'a kafin a ba su digiri na biyu ko na uku. Amma wanda ya lura da kyau zai ga cutarsu ɗaya ce. A kan fara su da zafi a kāsa ƙarewa, in kuwa an ƙare sai a jefa cikin kabad su sha ƙura.

Bari mu fara da na Gwamnati. Zancen gyara ba yau aka soma shi ba. Tun cikin 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Bayan samun mulkin kai aka yi ta kafa kwamiti bayan kwamiti. A 1972 Janar Gowon ya naɗa na Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974. Rahoton nan ya ƙunshi shawarwari masu nauyi: a jera ma'aikata duka bisa matakan albashi iri ɗaya, a kuma riƙa yanka wa kowane ofis abin da a ke so ya cim ma, sa'an nan a auna shi da abin da ya aikata. To, me jama'a su ka riƙe daga ciki? Ƙarin albashi da kuɗin ariyas. Kuɗi ya cika hannu, kaya su ka yi tsada a kasuwa, sauran shawarwarin kuwa ba su yi nisa ba. Har yau in ka ce wa dattijo "Udoji", kuɗi zai tuna.

A 1975 Gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin ɗan lokaci. Da nufin tsarkake aiki aka yi, amma tun daga ran nan akawu ya gane kujerarsa ba ta da tabbas, wanda kuwa ba shi da tabbacin gobe ya kan nemi guzuri tun yau. A 1988, zamanin Janar Babangida, aka fito da Doka ta 43, aka sāke wa Babban Sakatare suna ya zama Babban Darakta, aka ce zai sauka tare da Gwamnatin da ta naɗa shi. Ba a daɗe ba kwamitin Ayida na 1994 ya ba da shawara a koma gidan jiya, aka koma. Kwamitin Oronsaye kuma ya miƙa nasa rahoto a 2012. Ya ƙirga hukumomin Gwamnatin Tarayya ya sami 541, ya ce waɗanda doka ta kafa, su 263, a rage su zuwa 161. Farar takarda ta fito a 2014, amma sai cikin Fabrairu 2024 Majalisar Zartarwa ta ce a aiwatar da shi, watau bayan shekara 12.

Kada mu ƙi faɗin gaskiya, akwai gyaran da ya kama ƙasa. Biyan albashi ta na'ura daga wuri guda, wanda aka fara a 2007, ya tona asirin ma'aikatan bogi masu karɓar albashi ba su zuwa ofis. Asusun bai ɗaya, wanda aka tilasta a 2015, ya tattaro kuɗin Gwamnati da ke warwatse a bankuna. To, me ya sa wannan ya zauna, wancan ya watse? Wannan ita ce tambayar da ta kamata masu ilmi su amsa mana, nan ne kuwa maganar ɗalibai ta shigo.

A Kongo ta Zariya akwai makarantar koyon aikin mulki wadda asalinta makarantar horon akawuna ce tun 1947, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. A can, da sauran jami'o'inmu, kowace shekara ɗalibai su na ɗaukar gyaran aikin Gwamnati ya zama abin bincikensu. Da yawansu ma'aikata ne, da rana su na ofis, da dare su na fama da littattafai. Karatun aji ba ya gagararsu. Inda gizo ke saƙa shi ne kundi. Mutum ya rubuta babi na ɗaya da na biyu, sa'an nan ya tsaya cik, shekara ta zagayo ya sāke biyan kuɗin makaranta, wata ta zagayo ya sāke biya, har wa'adi ya ƙare a share sunansa. Wani lokaci laifin ba nasa ba ne, gama yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata 8. Amma akwai abin da ke hannun ɗalibi, shi zan yi nasiha a kai.

Na farko, ya ɗan'uwana, ka rage faɗin gonarka. Wanda ya ce zai binciki gyaran aikin Gwamnati a Nijeriya tun daga Udoji har yau ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Ɗauki gyara guda, a ma'aikata guda, cikin shekaru ƙididdigaggu. Ga misali: a ƙarshen 2023 Gwamnati ta yarda a cire jami'o'i daga tsarin biyan albashin nan na wuri guda. Me ya jawo haka, me kuma ya biyo baya a jami'a ɗaya tak? Wannan ya isa kundi.

Na biyu, kafin malami ya sa hannu a kan taken bincikenka, ka tabbata takardun da za ka dogara a kansu su na samuwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. In tsohon zance ne, ga Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ga kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. In sabo ne, ka sani akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ce in ka rubuta wa ma'aikatar Gwamnatin Tarayya ka na neman bayani, ta amsa maka cikin kwana 7. Ka rubuta, ka ajiye kwafi mai hatimin ranar da aka karɓa. Ko ba a amsa ba, rashin amsar ma shaida ce da za ta shiga kundinka.

Na uku, kada ka tsaya ga manyan ofis kaɗai. Babban Sakatare zai gaya maka abin da takarda ta ce. Akawun da ke riƙe da fayil, da tsohon da ke jeka-ka-dawo a kan fanshonsa, su za su gaya maka abin da ya auku.

Na huɗu, ka riƙa rubutu kullum, ko shafi ɗaya ne, ka kuma kai wa malami mai duba aikinka babi babi. Kada ka ɓace wata shida sa'an nan ka zo masa da tuli ka na gaggawa. In ya ja maka jan alƙalami ka gyara, ka mayar kafin zancen ya huce.

Na biyar, ka ji tsoron Allah ka guji sayen kundi ko kwafe na wani. Ranar kāre kundi, sa'ad da malami baƙo daga wata jami'a zai zauna ya yi maka tambayoyi, ba mai amsawa sai kai. Kuma wanda ya sami digiri da aikin sata, yaya zai zo gobe ya ce zai gyara ofis?

Saura roƙo biyu. Ku manyan ma'aikata, in ɗalibi ya zo da takardar jami'arsa ku daina ce masa ya dawo gobe har ya gaji. Abin da doka ba ta hana ba ku nuna masa, gama aikin da Gwamnati ke biyan masana kuɗi mai yawa su yi, shi zai yi muku kyauta. Ku kuma shugabannin jami'a, ku sa kowane ɗalibi ya taƙaita abin da ya gano cikin shafi biyu, da Turanci da Hausa, a aika wa ma'aikatar da aka bincika, a kuma aiko wa jarida, don talakan da a ke gyaran dominsa ya san inda aka kwana.

Ina so malamai da akawuna waɗanda su ka ga waɗannan gyare-gyare da idonsu su rubuto wa Edita abin da su ka gani a ofisoshinsu, mu ƙaru da juna. Allah ya ba masu rubutu ikon ƙarewa, ya ba masu mulki ikon cika abin da su ka fara, amin.

Wasalam.