Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Malaman Firamare na Jos Kan Koyarwa da Littafin Hotuna

Zuwa ga malaman aji ɗaya zuwa aji uku.

Littafin hotuna shi ne ɗan littafin yara wanda zane ke ɗauke da rabin labari, rubutu ya ɗauki sauran, galibi jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi. Amfaninsa a Jos ya fi na wurare da yawa, domin aji guda kan tara ɗan Birom da Afizere da Anaguta da Bahaushe da Bafulatani da Ibo da Bayarabe. Harshen gida ya bambanta, amma akuyar da aka zana kowa ya san ta. Daga hoton sai a shiga Hausa, wadda yawancinsu ke ji a kasuwa da wurin wasa. Littafi ɗaya, in an iya sarrafa shi, ya isa aikin mako guda.

Abu na farko shi ne samun littafin. Magabata sun koyi karatu da Ka Koyi Karatu na Zariya, kuma shirin Mu Karanta ya samar wa makarantun Bauci da Sakkwato littattafan Hausa na ƙananan azuzuwa. A intanet akwai African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, na 2015. Duka biyun suna da labaran Hausa kyauta, tare da izinin bugawa da fassarawa. Wajen zaɓe ana duba abu uku: zane mai girma, jimla gajera, da wata magana da ke ta maimaituwa har yara su kama ta. Inda aji ya cika maƙil, sai a kwafi shafukan a manyan kwalaye da rubutu ɓaro-ɓaro, yadda na benci na baya zai hango.

Ran Litinin hoto ake karantawa. Malami ya rufe rubutun da tafin hannu, ya tambaya: wa ke nan, me yake yi, me zai biyo baya? Kowane yaro ya faɗi sunan abin da ya gani da harshen gidansu, a jera sunayen a allo kusa da na Hausa. Yaron da ke noƙewa saboda rashin Turanci a nan bakinsa ke buɗewa.

Ran Talata malami ya karanta da murya, yana bin kalmomi da yatsa daga hagu zuwa dama, yana sauya murya ga kowane ɗan labari, kamar yadda kaka ke yi da Gizo da Ƙoƙi. Kafin ya juya shafi sai ya dakata, yara su yi hasashe.

Laraba ta haruffa ce. A ciro kalma biyar ko shida daga littafin, a rubuta gaɓoɓinsu a 'yan katuna, yara su harhaɗa. Nan ne wurin bambanta k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, domin yaron da Hausa ba harshen uwarsa ba ce yakan haɗa kafa da ƙafa, ko dari da ɗari.

Ran Alhamis littafin ya shiga lissafi da sanin muhalli. In labarin na kasuwa ne, a kafa 'yar kasuwar Farin Gada a kusurwar aji, da dankalin turawa da karas da kabeji, murafen kwalba su zama kuɗi. In na ruwa ne, a ja kunnen yara kan kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru, masu zurfin da ido ba ya ganewa.

Juma'a ta wasa ce da aikin hannu. Yara su kwaikwayi labarin da fuskokin kwali, ko su gina 'yan labarin da yumɓu. Wannan yana ƙara armashi in an taɓa kai su Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, suka ga kawunan yumɓu na Nok. Daga baya kowane rukuni ya zana shafi ɗaya ya rubuta jimlarsa, a ɗinke da zare ya zama littafin aji. A irin wannan littafi ya kyautu a sami Musa da Pam da Ladi da Ngozi suna wasa tare, yadda suke zaune a benci ɗaya.

Auna fahimta ba ya buƙatar jarrabawa. A hargitsa hotuna huɗu na labarin, yaro ya jera su ya ba da labarin da bakinsa. Wanda ya haddace kawai yakan kakare da zarar an nuna masa kalma a wajen shafinta, sai a koma da shi kan katunan gaɓoɓi.

Saura kula da littafin. Daminar Jos tana da tsawo, takarda kuwa ba ta shiri da laima. A yi wa littafi bango da leda, a ajiye a akwatin da ba ya taɓa ƙasa, a ɗora wa yara biyu alhakin fitarwa da mayarwa kowane mako. Sai dai kada tsoron yagewa ya sa a kulle shi a ofishin hedimasta, domin a hannun yara aikinsa yake.

A huta lafiya.