Hasarar da Muke Sharewa a Ƙofar Masallaci

Duk wanda ya tsaya a ƙofar masallaci a Furana, ko Makarfi, ko Kudan, bayan an sha ruwa a watan Ramalana, zai ga ƙwallayen dabino warwatse a ƙasa, yara na tattakawa, da safe a share a kai juji. Kuma da za ka tambayi jama'a, malaminsu da almajirinsu, sai su ce maka amfanin dabino ya ƙare daga inda haƙori ya tsaya. Wannan ra'ayi, ko da yake ya daɗe har ya zama tamkar ijma'i, ni a wurina kuskure ne, kuma almubazzaranci ne wanda sabo ya rufe mana ido ga barinsa.

Malamanmu sun karantar da mu sunayen sassa uku na ƙwallon nan da Alƙur'ani mai girma ya ambata, wato naƙiri da fatili da ƙiɗmiri, domin mu san cewa kome ƙanƙantar abu yana cikin hisabi. Amma mu da muka haddace sunayen, ba mu taɓa tambayar abin da Allah Ya ajiye a cikinsa ba. Larabawa tun tuni suna jiƙa shi su ba raƙuma, suna soya shi su niƙa su sha a madadin gahawa. Masana sinadarai kuwa, da suka busar da shi, suka niƙa, suka jiƙa garin suka tace, sai suka tarar da mai, da kuma sinadarai dangin fenol, waɗanda ke hana iska lalata mai da nama, kuma a ɗakin gwaji suna tauye girman wasu ƙwayoyin cuta masu sa miki ruɓa ko ɓata ciki. Ƙwallon nan kusan ushurin nauyin dabino ne. Ke nan duk buhu 10 da fatake suka kawo daga Agadas ko Aljeriya, kimanin buhu guda muke biyan kuɗinsa mu zubar.

Kada mai tallan magani ya ɗauki maganata hujja, ya ɗura gari a leda ya ce yana warkar da kowace cuta, domin abin da ya yi tasiri a ɗakin gwaji bai zama magani ba sai an jarraba shi bisa ƙa'ida.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, hikimar amfani da abin da ake zubarwa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Mai dafa mazarƙwaila a Makarfi, wanda bai taɓa shiga jami'a ba, yana shanya tuƙar rake ya hura wutar girkinsa da ita. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, wadda a yau take da tsangayar harhaɗa magunguna, ga cibiyar binciken sinadarai a Basawa, ga tashar binciken dabino a Dutse; babu wadda mota ba ta isa a yini guda. Saura wanda zai haɗa tsakani, kuma aikin bai fi ƙarfin kwamitin masallaci ba: a ajiye buhu a bakin ƙofa daga daren farko na azumi, a wanke abin da aka tara a shanya shi kada ya yi fumfuna, bayan Salla a ɗauka a kai jami'ar da ke Samaru, a ce wa malaman can ga shi, su auna mana ko zai tsare man gyaɗan matanmu daga lalacewa.