Duniya Makaranta: Gobarar Rumfar Shanu A Teksas

Da magaribar ranar Litinin, 10 ga watan Afrilun 2023, wuta ta tashi a wani gandun shanun tatsa mai suna South Fork Dairy, can cikin karkarar Jihar Teksas ta ƙasar Amurka. Kafin gari ya waye shanu wajen 18,000 sun halaka. Garin da ya fi kusa da gandun, watau Dimmitt, mutanen cikinsa ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, ke nan shanun da suka mutu a daren nan sun ninka jama'ar garin har sau huɗu. An yi ƙiyasin kowace saniya a kan dala 2,000, sai mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Allah ya kiyaye, ba a rasa ran mutum ba. Wata ma'aikaciya ce wutar ta rutsa da ita a cikin ginin, 'yan kwana-kwana suka fid da ita da kyar, aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibiti a birnin Lubbock.

Wanda ya saba ganin garke a fili zai yi mamakin yadda za a yi shanu masu ƙafa huɗu su tsaya wuta ta cinye su. To, waɗannan shanu ba a fili suke ba. Rumfa guda ce aka gina musu, mai rufi da bango, wadda faɗinta ya haura eka 40, watau filin ƙwallo fiye da 20 a ƙarƙashin rufi ɗaya. A nan suke ci, a nan suke kwana, daga nan ake kora su wurin tatsa da na'ura. An jera manyan fankoki a bango suna jawo iska daga wancan gefe zuwa wannan, domin saniyar Turawa ba ta jure zafi, in ta sha zafi nononta raguwa yake yi. An kuma lulluɓe rufin da wani abin tsare zafi. Dabara ce mai kyau muddin lafiya ake. Amma ranar da wuta ta kama, abin da ke cikin rufin ya zamar mata makamashi, ta bi saman ginin a guje, baƙin hayaƙi ya turnuƙe dabbobin da ke tsare a cikin shinge, ba su da ƙofar tsira.

Da fari an yi ta jita-jita, wasu na cewa iskar da ke fita daga kashin shanu ce ta fashe, wasu na zargin makirci. Da hukumar binciken gobara ta jihar ta gama aikinta, sai ta ce tsautsayi ne: injin wata motar zuƙe kashin shanu ne ya kama wuta tana cikin rumfar. Abin takaici kuma, masu binciken sun tarar da wata motar irinta a gandun wadda ita ma injinta ya taɓa kamawa da wuta. Ashe an sami gargaɗi tun da wuri.

Nisa ma ya taimaki wutar. Mil goma ko fiye ne tsakanin gandun da Dimmitt, sai da aka haɗo 'yan kwana-kwana daga ƙananan garuruwan Hart da Nazareth. Ginin da ya kai wannan girma kuwa, in ba a cikinsa aka tanadi abin kashe wuta ba, duk wanda zai zo daga waje sai dai ya zo ganin toka. Wata ƙungiyar kare dabbobi, Animal Welfare Institute, wadda ta soma ƙidayar irin wannan gobara a 2013, ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta ci shanu haka ba. Ta ce kuma a cikin shekara goma dabbobin gona kimanin miliyan 6 da rabi ne suka ƙone a ɗakunansu a Amurka, yawancinsu kaji. A lokacin gobarar babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa mai gandu ya kare dabbobinsa daga wuta, jihohi ƙalilan ne suka yi tasu, Teksas kuwa ba ta cikinsu.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijeriya an daɗe ana kiran a killace shanu a bar yawon kiwo. An fito da shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa a 2019, aka kuma kafa Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya a 2024. Masu wannan kira suna da hujja, ganin jinin da ake zubarwa tsakanin manoma da makiyaya. Sai dai ana ta maganar fili da ciyawa da ruwan sha, ba a cika jin mai tambayar inda motar kashe wuta mafi kusa take ba, alhali kuwa harawa da kara da dusa duk abincin wuta ne, balle a lokacin hunturu. Bafulatanin da wutar daji ta taso masa yana iya kaɗa shanunsa su tsere. Wanda ya tara dukiyarsa a ƙarƙashin rufi ɗaya ba shi da wannan dama, saboda haka wajibi ne a sa tankin ruwa da ƙofofin fita da raba ginin kashi-kashi cikin sharuɗɗan ba da izni tun kafin a aza tubali.

A can Teksas, bayan wuta ta mutu wata wahalar ta taso, watau yadda za a yi da mushen. Sai da hukumar kula da muhalli ta jihar ta sa ido a kan aikin binne su, domin a ƙarƙashin wannan yanki akwai taskar ruwan ƙasa da ake kira Ogallala, wadda daga cikinta mutane da gonaki da sauran shanun da suka rage suke sha.