FILIN GOLF NA MUTANEN BAKIN TEKU: ABIN KOYI GA MASU RABON ƘASA

A nan ƙasarmu, da zarar an ambaci wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, sai tunanin mai sauraro ya tafi ga attajirai da manyan ma'aikata. Ba laifinsa ba ne, domin kuwa tsofaffin filayen wasan da ke Jos da Kaduna da Kano gado ne daga Turawan mulki. To, amma a ƙasar Sikotland, inda wasan ya samo asali, akwai filaye fiye da 500, kuma da dama daga cikinsu na ƙananan garuruwa ne na bakin teku, inda masunci da malamin makaranta da ɗan fansho ke buga ƙwallo tare.

Bari mu duba yadda akan yi zagaye guda a irin wannan fili. Ƙasa ce mai rairayi tsakanin teku da gonaki, wadda ba ta da amfani sosai ga noma, sai dai kiwo. Mai wasa kan saɓa jakar sandunansa, waɗanda doka ta hana su wuce 14, ya bi ramuka 18 ko 9 a ƙafa, yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kowane rami mai faɗin inci huɗu da kwata da bugu mafi ƙaranci. Babban abokin karawarsa iska ce, gama takan juya ba sallama. Duk inda ƙwallo ta faɗa, nan zai buge ta, ko cikin ciyawa ko cikin yashi. Ba alƙali a bayansa, shi zai ƙirga bugunsa da kansa. A wasu filayen ma ba mai karɓar kuɗi a ƙofa, akwati kawai aka ajiye, baƙo ya jefa kuɗinsa ya wuce. Wasa ne da aka gina bisa amana.

Wannan hali yana da tushe. A shekarar 1457 Sarki James na Biyu ya hana golf da ƙwallon ƙafa saboda sun ɗauke hankalin talakawa daga koyon harbin baka, watau tun a lokacin wasan na kowa ne. A 1552 aka rubuta takardar da ta tabbatar wa mutanen garin St Andrews 'yancin yin wasa a filin bakin tekunsu. Har yau filin nan, wanda ya fi kowane suna a duniya, yana hannun wata hukumar amintattu da majalisa ta kafa a 1974, kuma galibin ranakun Lahadi akan dakatar da wasa domin jama'ar gari su sha iska a cikinsa.

Misalin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na Askernish, a tsibirin South Uist da ke yammacin Sikotland. Gwanin nan Old Tom Morris ne ya shata filin a 1891, daga baya aka yi watsi da shi har ciyawa ta binne shi. A 2006 mutanen tsibirin suka haɗa kai suka sayi ƙasar da suke zaune a kanta, kimanin eka 93,000, daga hannun masu ita. Aka share tsohon filin da taimakon 'yan sa kai, aka sake buɗe shi a 2008. Ba a shayar da shi sai ruwan sama, ba a kuma zuba masa takin zamani. Baƙi na zuwa daga Amurka da Turai, suna kwana suna cin abinci a tsibirin, ribar kuwa tana komawa ga jama'a.

Kada mai karatu ya zaci abin ya tafi lami lafiya. Wasu ƙananan manoma masu haƙƙin kiwo a wurin sun ƙi amincewa, suna tsoron a ƙwace musu makiyaya, har magana ta kai kotun ƙasa. A ra'ayina tsoronsu yana kan hanya, gama sau da yawa da sunan ci gaba ake raba talaka da abin hannunsa. Abin lura shi ne an bi hanyar shari'a, kuma ba a kori dabba ba. A garin Brora ma shekaru da dama tumaki da shanu sun yi kiwo a tsakiyar fili, waya kawai aka kewaye bakin ramuka da ita.

Sai mu gwada wannan da abin da ya faru a Menie, arewa da birnin Aberdeen. A 2007 wani kwamitin ƙaramar hukuma ya ƙi amincewa da shirin Donald Trump na gina ƙasaitaccen filin golf a kan tuddan rairayin bakin teku. Gwamnatin Sikotland ta karɓe maganar ta ba da izini a 2008, aka buɗe filin a 2012. A ƙarshen 2020 hukumar kula da muhalli ta cire tuddan daga jerin wuraren da doka ke karewa, domin an riga an lalata abin da ya sa ake kare su. Wasa ɗaya ne, teku ɗaya ce, bambancin kurum shi ne wanda ke riƙe da ƙasar da wanda aka saurara.

Wani zai ce ina ruwanmu da wasan Turawa, alhali muna fama da abinci da ruwan sha? Amsa ita ce, ba sanda da ƙwallo ne abin dubawa ba, ƙasa ce. Wa bai ga yadda ake yanka filayen wasa na makarantu da na unguwanni ana mai da su fuloti ba? Wa bai san yadda gonaki da gine-gine suka toshe burtali ba? Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan ƙasa da safiyo da na tsara birane, kafin su sa hannu a kan takardar mallaka, su tambayi mutanen wurin, su kuma bar wa kowace unguwa filin da doka za ta hana sayarwa. Ku kuma ɗalibai, manyan gobe, ku sani fili idan aka gine shi ya tafi ke nan. Mutanen South Uist ba su kai yawan wata unguwa guda ta birnin Kano ba, amma da suka haɗa kai sun mallaki ƙasarsu, sun kuma samar wa mai sanda da mai garke wuri a cikinta. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar jama'a, amin.