Adaftar Harsashi Mai Araha: Tana Rage Kuɗi, Amma Tana Ɓoye Wani Abu

Duk wanda ya taɓa buga PUBG a wayarsa ya san lambar nan 5.56mm, harsashin da ake tsinta a ƙasa a ɗura wa M416. A wasa kyauta ne. A Amurka kuwa, inda mutane da yawa ke mallakar bindigar AR-15 bisa doka suna zuwa filin atisayen harbi, kowane harsashi kuɗi ne, kuma yini ɗaya na iya cin ɗaruruwa. Shi ya sa kamfanoni irin su CMMG ke sayar da wata na'ura da ke sa bindigar ta harba ƙaramin harsashin .22 LR, wanda farashinsa bai kai rabin na babban ba. A nan gida dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, don haka wannan harkar tasu ce. Ni abin da ya ja hankalina shi ne, a matsayina na mai rubuta manhaja, na ga adafta, kuma na san halin adafta.

Bambancin harsasan biyu yana gindinsu. Babban yana da ɗan maɓallin sinadari a tsakiyar gindi, allurar bindiga ta doke shi, albarushi ya kama. Ƙaramin kuwa sinadarin yana zagaye da bakin gindin, allura ta matse gefen. Dole kwanson ya zama siriri kafin ya matsu, don haka ba ya ɗaukar ƙarfi mai yawa. Wannan ne ya sa yake da sauƙin ƙerawa da araha. Tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da .22 LR, kuma har yau da shi ake harbi a gasar biyatlon ta Olamfik, daga nisan mita 50.

Abin da ya sa sauyin ya yiwu shi ne kaurin kan harsasan biyu kusan ɗaya ne, wajen inci 0.22, don haka bututu ɗaya na iya ɗaukarsu. Dabarar ma tsohuwa ce. Kamfanin Colt ya fitar da bindigar hannu mai suna Ace a 1931 don a koyi harbin M1911 da harsashi mai araha, sojojin Amurka kuma sun yi amfani da na'urar M261 a kan M16 wajen horo.

Ra'ayina shi ne: dabarar tana da kyau, amma masu cewa "bindigarka ce dai, kuɗin kawai ya ragu" ba su faɗi gaskiya duka ba.

A cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗewa da ke sa harsashi ya juya kamar katantanwa don ya tafi a miƙe. Bindigar da aka ƙera don .22 LR tana juya shi sau ɗaya a inci 16. Yawancin AR-15 na yanzu suna juyawa sau ɗaya a inci 7 zuwa 9. Wato ƙaramin harsashin dalma mai laushi yana shan juyin da ba a tsara shi dominsa ba, saiti kuma yakan ragu. Yana kuma barin dauɗa da ɓurɓushin dalma. Sannan ƙarfin babban harsashi ya ninka na ƙaramin kusan sau goma. Mai atisaye da ƙaramin ba ya jin dukan kafaɗa, ba ya jin ƙarar da ke sa ido ya ƙifta, harsashinsa kuma yana faɗuwa da wuri. Ya koyi riƙo da tsayuwa da jan kunama, amma bai koyi abin da ya fi rikita sabon maharbi ba.

Na san wannan tarkon don na faɗa cikinsa. Lokacin da na rubuta wa wani mai shago manhajar lissafin bashi, a wayar kwaikwayo ta cikin kwamfutata na yi duk gwajin. Kyauta ce, ba ta cin data, komai yana tafiya sumul. Ranar da ya saka ta a ƙaramar wayarsa mai RAM 1GB, ga rana, ga netwok na ɗaukewa, manhajar ta tsaya cak a gaban kwastomominsa. Laifin nawa ne. Na ɗauki gwaji mai araha a matsayin gwaji cikakke.

Wani zai ce, ai wanda ya yi harbi 500 da ƙaramin harsashi ya fi wanda ya yi 50 da babba ƙwarewa. Na yarda, kuma shi ya sa sojoji suka rungumi dabarar. Ni ma har gobe ina amfani da wayar kwaikwayo, don ba zan iya sayen waya ashirin ba. Sai dai yanzu ba na miƙa aiki sai ya kwana a wayar gaske, mafi rauni da na samu.

Arahar ma ba ta da tabbas. A 2013 harsashin .22 LR ya yi ƙaranci a shagunan Amurka saboda rububin saye, farashinsa ya tashi, aka ɗauki shekaru kafin ya daidaita. Wanda ya sayi na'urar don tsimi ya tsinci kansa yana neman abin ɗura mata.

Don haka idan ka ga adafta, ko ta caja ce daga USB-C zuwa tsohon rami, ko manhajar da ke kwaikwayon wata na'ura, ka tambayi mai sayarwa abin da aka yanke kafin farashin ya sauko. In ka san abin da aka yanke kuma za ka iya cike giɓin, saya. In ya ce ba a yanke komai ba, riƙe kuɗinka.