Wa zai ce wa Yamai a'a?

'Yan uwa na Malbaza da na ƙetare, in hukuma ta danne mutum yau, ina zai kai kuka?

Manya ba su manta da 2009 ba. Da marigayi Tandja Mamadou ya nemi tazarce, kotun tsarin mulki ta ce masa doka ba ta yarda ba. Ya rusa kotun, amma kowa ya ga akwai mai iya tsai da shugaba.

Tun 26 ga Yulin 2023 aka jingine kundin tsarin mulkin 2010 da kotunsa. Kundin Refondation, wanda Janar Tiani ya ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, shi ya maye gurbinsa, aka kuma rusa jam'iyyu.

Abin ya iso har ƙofar gida. A Afrilun 2024 an rusa majalisun kansiloli. Yanzu daga Yamai ake naɗo masu riƙe da Malbaza, Konni da Illela. Kansilan da ka zaɓa kana iya tare shi a kasuwa ka yi masa magana. Wanda aka naɗo kuwa, sama yake duba. A Yunin 2024 ma an maido da ɗaurin shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ta intanet, har saƙon WhatsApp.

Tsaro babban abu ne, ba musu. Amma tambaya biyu na nan: yaushe talaka zai sake zaɓen kansilansa, kuma wace kotu za ta soke dokar da ta tauye masa haƙƙi?